Iskar da Ta Cika Rigar Kawu

A Lyon na fara ganinsu, cikin sanyin shekarata ta farko a Faransa. Lokacin ina zaune a Vaulx-en-Velin, can sama a wani dogon gini, kullum da safe in shiga bis, in sauka, in kama metro, jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, zuwa jami'a. Ranar da ba ni da darasin safe nakan sauka kafin tashata, in taka gadar kogin Rhône da ƙafa. Hayaƙin sanyi yakan kwanta a kan ruwan har ba a ganin ɗaya gaɓar, sai kawai wasu fararen tsuntsaye su ɓullo daga cikinsa, su rataya a iska dab da fuskata ba tare da sun kaɗa fiffike ba, su sake nutsewa. Mutanen gari suna wucewa da burodinsu a hammata, ko kallo ba su ishe su ba. Ni kuwa, ƴar Damagaram da ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin damina ba, sai in tsaya baki sake har yatsuna su ƙage.

Saboda su na sayi apare, na ɗaukar hoto, tsohuwa mai nauyin dutsen niƙa, a kasuwar tsofaffin kaya ta ranar Lahadi. Saboda su kuma na shiga ƙungiyar ɗalibai masu hoto, wadda take da wani ɗan ɗaki mai duhu a ƙarƙashin gini inda ake wanke pelikil, wato fim ɗin hoto. Da bazara ta shigo sai tsuntsayen suka ɓace daga kogin. Wata ƴar ajinmu ta ce tafkuna suka koma yin ƙwai, amma in ina son ganin garin tsuntsaye na gaske, in je bakin teku, gaba da Paris, inda ƙasa take yankewa tsaye. Ta ce manyan danginsu suna can sun yi gidaje a jikin farin dutse, kuma lokacin ganinsu shi ne fitowar rana. Daga ranar abin ya shiga raina. Sai in kwanta in ga kaina a bakin wannan dutse, alhali ban san kamanninsa ba, wani lokaci ma ya zo mini da siffar duwatsun garinmu, an shafa musu farar ƙasa. Shekara ta zagayo, wata ta bi ta, ban je ba.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ne uwa da ubana a ƙasar. Shofer ne a wata babbar ma'aikata ta ƙasashen duniya a Paris, yana zaune shi kaɗai a Saint-Denis tun bayan rasuwar matarsa. Ƙato ne a da, irin wanda in zai shiga ƙofa sai ya ɗan karkata. Akwai agogon mahaifinsa mai madaurin ƙarfe, wanda Kaka ta ɗaura masa da hannunta ranar da zai bar gida. Agogon yakan cije masa wuyan hannu ya bar shaida, har nakan yi masa tsiya in ce Kawu, a tausaya wa bawan Allah nan, neman ceto yake.

A shekarata ta uku ciwo ya kama shi a hanta. Lokotoro suka yi nasu, suka gaya masa abin da suka gaya masa, shi kuma ya gaya mini rabi. Sauran rabin a jikinsa na karanta. Duk hutun da na hau jirgin ƙasa na je Paris sai in tarar an rage mini Kawu, wuya ya yi tsawo, hula ta fara sauko masa har kunne.

To, ba a rasa mai dogon baki. Wani da ya gan shi a masallaci ya koma gida ya je gaishe da Kaka, ya ce mata ai ɗanta ya rame, Allah dai ya sawwaƙe. Har yau in na tuna mutumin nan sai raina ya ɓaci, wa ya aike shi? Kaka ta aiko da saƙo a bakin wata Hajiya ƴar kasuwa da take zuwa Paris sarin turare. Ta ce ba ta son kaset, ba ta son gaisuwar tarho, don murya ba ta ramewa. Hoto take so, sabo, kuma a tsaye, Hajiya ta taho mata da shi in za ta komo.

Kawu ya zaunar da ni a kicin ɗinsa, ya zuba mini shayi, shi bai sha ba.

Ya ce, "Ɗiyata, Inna ta binne yayanmu, tun daga nan zuciyarta ba ta koma daidai ba. Ba ni so ta zauna tana jiran nawa. In abin ya zo, ta ji shi a dunƙule, ta yi kukanta ta gama. Ba ni so a riƙa ba ta shi cokali-cokali."

Na ce, "To Kawu, yaya za a yi da hoton?"

Ya ce, "Za a yi mata hoto. Amma na mai lahiya."

Muka je wani shagon hoto a unguwar Belleville, sama da wani gidan abinci. Kawu ya sa rigar sanyi biyu a ƙarƙashin kaftani don ya cika. Mai shagon ya tsayar da shi gaban labule mai zanen furanni, ya kunna fitilunsa, ya ce ya yi murmushi. Fitilar nan ba ta da kunya ko kaɗan, duk wani rami da ke kumatunsa sai da ta leƙa. Da muka karɓi hotunan ya tsaya a bakin matakalar metro yana dubawa, ya daɗe, sannan ya ce, "Wannan ai ko ni aka kawo wa sai in shimfiɗa tabarma in fara karɓar gaisuwa." Ya yi dariya, ni na kasa. Ya cusa su a aljihu muka sauka.

Hajiya kuwa ta kusa gama sarinta. Ni abin duniya ya ishe ni, na ce masa zan je in ga tekun nan da tsuntsayena ko na kwana ɗaya ne, in dawo mu sake shawara. Sai ya ce da shi za a je. Na ce Kawu akwai hawa, akwai sanyi. Ya ce, "Rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Ga shi za ki inda ruwan duniya ya taru, ki ce in zauna?" Shi ya tuƙa mu a tsohuwar motarsa, a hankali, irin tuƙin mai ɗaukar manya. A hanya ya yi ta tsokanata. Wai shi tunda yake bai taɓa jin an ɓata pelikil a kan tsuntsu ba. Wai tsuntsun wa zai aika wa hoton, uwarsa? Muka sauka a wani ɗan otal a ƙaramin gari mai warin kifi, tekun ma ban gan shi ba sai dai na ji numfashinsa a bayan gidaje.

Da asuba bayan na yi salla na sa tufafina masu launin ƙasa, kamar yadda aka koya mana a ƙungiya, don tsuntsu ba ya son abin da ke walƙiya. Na ƙwanƙwasa ƙofar Kawu. Da ya buɗe sai da na ja da baya. Babbar rigarsa ta Salla ce a jikinsa, farar shadda mai aiki har ciki, ta sha bugu tana ƙara, ga hula an kafa, ga turare. Zuciyata kusa take, na sani, nan take ta hau.

Na ce, "Haba Kawu, ɗaurin aure za mu? Da wannan rigar ai tun daga ƙasa za su hango mu su watse."

Ya ce, "Ba wurin hoto za mu ba?"

Na ce wurin hoton tsuntsaye.

Ya ce, "To. Mu dai a garinmu ba a zuwa gaban apare da kayan barci."

Na buɗe baki zan ƙara, sai na ga yadda rigar ta rataya a kafaɗunsa, kamar an shanya ta a kan igiya, sai na haɗiye maganata. Na gane bai fid da rai da hoton Kaka ba, ya dai ƙi faɗa ne don kada mu sake jin kunya mu biyu.

Hanyar ƙafa ce ta hau tudu ta cikin ciyawa mai raɓa. Muna tafiya muna tsayawa, ni ina yi kamar igiyar takalmina ce take kwancewa don ya samu ya huta. Gari bai waye ba tukuna, komai launin toka ne, sama da ƙasa da abin da ke tsakaninsu. Can sai ciyawar ta ƙare haka kawai. Ƙasa ta yanke tsaye kamar an sa wuƙa an yanki tuwo, farin dutse ya sauka zurum har inda ido ba ya son bi, kuma daga nan babu komai sai ruwa. Na tsaya ina neman ɗaya gaɓar, don duk ruwan da na sani yana da ƙetare. Babu. Hazo mai laushi yana tasowa daga ƙasa yana shafar fuskata, da ɗan gishiri a leɓe. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba, na ma manta da abin da ke rataye a wuyana.

Sannan na fara jin su. Da farko gunaguni ne daga ƙarƙashin ƙafafunmu, irin na gida mai yawan jama'a in an fara tashi. Da haske ya ƙaru sai na ga jikin dutsen duk ɗakuna ne, kowane ɗan tudu da mai shi, wasu bibbiyu sun haɗa kai, wasu sun cusa baki cikin fiffike. Wasu manya kuma sun hau har sama sun zauna cikin ciyawa a gabanmu, birjik, duk sun fuskanci iska. Ɗaya ya saki dutsen ya faɗa sarari, bai kaɗa ko sau ɗaya ba, iska ta ɗauke shi ta kawo shi daidai idona, ya dube ni da ido ɗaya ya wuce. Na durƙusa na fara ɗauka a hankali. Kawu yana bayana, sai can na ji ya ce a ƙasa-ƙasa, "Ikon Allah. Balbelun teku."

Ashe ba mu kaɗai ba ne. Gaba kaɗan, kusa da inda manyan suka taru, wani Bature yana kwance rub da ciki a cikin ciyawa, ya lulluɓa da koren mayafi, apare ɗinsa mai dogon baki tana leƙe. Ni na gan shi na gane ko me yake yi, wataƙila tun cikin duhu yake jan ciki yana matsowa. Kawu ma ya gan shi. Shi kuwa a duniyarsa ba a wuce mutum ba a yi masa sallama ba, balle wanda aka tarar kwance a ƙasa da asuba, wa ya sani ko faɗuwa ya yi. Kafin in miƙa hannu in riƙe shi har ya taka gaba, ya ɗaga hannun dama sama, ya buɗe muryar nan tasa da ciwo bai taɓa ba.

"Salamu alaikum. Bonjour monsieur, lahiya dai?"

Sai dutsen ya tashi. Haka na gan shi, haka kuma nake ganinsa har yau. Na cikin ciyawa suka fara, na jikin dutse suka bi, sama ta cika da fararen fukafukai da kuka har ba ka jin tekun. A daidai lokacin rana ta leƙo ta kafaɗar tudu, ja-ja, ta zuba a kan komai. Iskar da ke hawowa daga ƙasa ta samu ƙofa ta hannun rigar Kawu ta shige, ta buɗe shaddar nan gaba da baya, ta cika ta tim. Ga Kawuna na da ya dawo, ƙato, kafaɗu sun baje, hannu a sama, haske ya shafe ramukan kumatunsa, yana dariya don shi ma abin ya ba shi mamaki. Ban yi tunani ba, yatsana ne ya danna. Na ja pelikil, na sake dannawa, sai iskar ta sake shi.

Baturen ya tashi zaune, fuska ja wur, ya zazzaga mana faransanci irin wanda ba a koyarwa a lakwal. Kawu ya saurare shi har ya gama, ya ce masa alhamdu lillahi tunda lahiyarsa lau, ya ba shi haƙuri. A hanyar sauka na yi ta yi masa faɗa, na ce ya kore mini tsuntsaye, ya kore wa bawan Allah nasa. Ya ce ai gidansu muka shiga, ko su ma sun cancanci sallama. Ban gaya masa abin da na gani ta cikin apare ba, don a zamanin pelikil ba ka da tabbas sai ka wanke, kuma ina tsoron in sa masa rai.

Na koma Lyon da pelikil ɗin a cikin rigata. A ɗakin duhu, ƙarƙashin jar fitila, na sa farar takarda cikin ruwan magani ina girgiza tiren a hankali. Tsuntsayen ne suka fara fitowa, ɗigo-ɗigo, sannan bakin dutsen, sannan shi. Ya taso daga cikin ruwan da cikar jikinsa yana ɗaga mini hannu. Na zauna a kan kujerar da ke wurin na yi kukan da ban yi ba a Belleville, na farin ciki da na baƙin ciki a haɗe.

Da na kai masa, ya riƙe hoton nesa da fuska, ya matso da shi, ya ce, "Yawwa. Wannan shi ne ni." Ranar har tuwo ya ci. Muka kai wa Hajiya ana gobe za ta tashi.

Bayan ta isa aka sa mana ranar da za a kai Kaka gidan maƙwabta masu tarho. Na zo Paris don in ji. Kawu ya yi wanka ya sa hula, wai don muryarsa ta fito da kyau. Aka gajarta gaisuwa yadda ake yi a waya, sannan na ji muryar Kaka tana fitowa siririya daga kan tarhon. Ta ce ta ga hoto, masha Allah. Ta ce wannan balbelu haka, ai inda balbela ta taru akwai shanu, ashe garin arziki yake zaune. Ta ce mai dogon bakin nan Allah ya shirye shi. Kawu yana ta "To Inna, to Inna," yana kallona yana ɗaga gira, ya ci nasara. Sai ta ce a ba ta jikarta. Ya miƙo mini, ya tafi kicin ɗora shayi, har da ƴar waƙarsa.

Ta ce, "Ke kika ɗauki hoton nan?"

Na ce ni ce, Kaka.

Ta ce, "Hannunki na da kyau. Yana kusa?"

Na ce yana kicin.

Na ji kukan akuya a bayanta. Sannan ta ce, "Iskar garin nan tana da kirki, ta cika mishi riga. Amma agogon ubansa, ni na ɗaura mishi shi, da ƙyar ya kama. A hoton nan ya gangaro har kusa da gwiwar hannu."

Na kalli hoton nan sau ba adadi, a ɗakin duhu, a jirgi, ban ga agogon ba. Na ce, "Kaka..."

Ta ce, "Kada ki ce komai, kuma kada ki gaya mishi na gani. Ya sha wahala ya ɓoye mini, ki bar shi da ladarsa. In an kwana biyu ki ce mishi an gaya miki ni ce ba ni da lahiya, ƙafa ta hana ni tashi, ina son ganinsa kafin ruwa ya sauka. Kin ji ko?"

Na ce na ji. Kawu ya shigo da tiren shayi yana tambayata me tsohuwa take cewa. Na ce tsuntsayen take yabo.

Na yi yadda ta ce. Bai yi gardama ba ko kaɗan, ya nemi hutu a wurin aiki, ya ce Inna ba ta da lahiya, wa zai zauna? Na raka shi filin jirgi, yana sanye da farar rigar nan, da rigar sanyi a ciki duk da zafin da zai tarar. Ya ce in kula da karatu, in daina yi wa manya faɗa.

Mahaifiyata ce ta ba ni labarin sauran. Ta ce duk daminar nan Kaka a kwance ta yi ta, a rumfar tsakar gida, ita da ba ta iya zama wuri ɗaya. Sai ta ce ƙafa, ƙafa, a kira mata ɗanta ya zauna kusa da ita. Aka shimfiɗa masa tabarma gefen tata. In an dama mata kunu sai ta ce ba ta iya sha ita kaɗai, sai ya taya ta. In rana ta yi sai ta ce ya ɗan kishingiɗa don ta samu ta yi barci. Shi yana jinyarta, a ganinsa, har aka yi girbi. Bayan an kai shi makwancinsa da kwana kaɗan ta tashi ta ɗauki tsintsiya ta share rumfar da kanta.

Na sake zuwa bakin dutsen nan sau da yawa kafin in gama karatu, da tufafi masu launin ƙasa, ina jan ciki a ciyawa kamar Baturen nan. Na samu hotuna masu kyau, wasu ma an rataya su a zauren jami'a. In na iso bakin ciyawar nakan yi sallama a hankali, yadda ba za su tashi ba.

Da na koma gida na tarar da hoton a ɗakin Kaka, ba a bango ba, a ƙarƙashin matashinta. Ta ciro ta ba ni in gani, tana ba ni labarin balbelu kamar ba ni na ɗauka ba. Takardar ta yi laushi, amma komai yana nan, tsuntsayen, da rigar, da dariyarsa. Wuri ɗaya ne kawai ya koɗe ya yi fari, daidai faɗin babban yatsa, a damtsen hannun da ya ɗaga. Agogon ma ba a ganinsa.